Ɗan Gida Sai Ranar Makoki

Gwiwar Baffa Rudra ta fi ma'aikatan gwamnati sanin ranakun aiki. Ranar Asabar da ofisoshi ke rufe, lafiyarta ƙalau. Da ita yake hawa har ƙarshen gonar lemo ya duba ko birai sun yi ɓarna, da ita yake gangarawa bakin titi wurin 'yan karta. Amma Lahadi na wayewa, ranar da ake komawa aiki a ƙasar, Saugat ya yi wanka ya saka rigarsa mai maɓallai ya tsaya a tsakar gida, sai gwiwar nan ta tashi.

"Wayyo ni! Kancha, zo ka taɓa nan. Ka ji yadda ta ɗau zafi?"

Saugat, wanda manya ke kira Kancha, wato auta, ya durƙusa ya taɓa. Gwiwa ce kamar kowace gwiwa, sai dai ta sha man zafi har tana ƙyalli.

"Baffa, ofishin mazaɓar nan fa ba nisa. In ka yi tari a nan, sakatare zai ce maka sannu."

"Ku yaran yanzu ba ku san ciwo ba. Bari ta lafa mana. Katin ɗan ƙasa ƙafa gare shi da zai gudu?"

Kaka tana zaune a hantsi tana murza lagwanin auduga na fitilar ibada. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ni na haifi gwiwar nan, amma ban san wa ya koya mata karatun kalanda ba."

Baffa ya yi kamar bai ji ba. Saugat ya hau ɗakinsu na saman garken ɓauna, ya cire rigar ya rataye a ƙusa, ya ɗauki lauje da kwando ya tafi yankan ciyawa.

Shekarunsa goma sha tara. Sa'o'insa a ƙauyen Simalchaur duk sun karɓi katinsu tun suna sha shida, shi kaɗai ya rage. A wani ɗakin haya a Malesiya aka haife shi, lokacin uwarsa Sabitra tana aiki a masana'antar safar hannu, ubansa Netra, ƙanin Baffa Rudra, yana gadi. Ba su yi aure ba, cewa suka yi sai sun dawo gida a yi da ganga da algaita. Sabitra ta dawo da goyo, Netra ya ce yana nan tafe. Ya taho ɗin kuwa, bayan shekaru, a cikin akwatin katako. Ranar ce gidan Basnet, dangin Netra, suka tuna akwai wani yaro, domin a bakin kogin Kali Gandaki, inda ake ƙone gawa, ɗa namiji ke sa wa gawa wuta, Baffa kuwa 'ya'yansa uku duk mata. Aka aika aka ɗauko su, aka aske yaron, aka miƙa masa wuta. Da aka gama aka ba su ɗakin saman garke. Tun daga nan Sabitra ke noma wa gidan, amma ba a bari ta taɓa tukunyar gidan, tunda ba da biki ta shigo ba. Shi kuwa Saugat, duk shekara shi ke zama gaban Fandit, malamin addininsu, ya mulmula shinkafar sadakar mamata, yana kiran sunan ubansa da kakansa da uban kakansa, ba ya tuntuɓe.

Sakataren mazaɓa mutum ne mai haƙuri, ya sha gaya masa abin da ake so. "Abu biyu ne, ƙanina. Katin mahaifinka, sai mutum ɗaya daga dangin mahaifinka ya zo da nasa katin, ya buɗe baki ya ce yaron nan namu ne. Da iyayenka sun yi rajistar aure da ba mu kai ga haka ba. Kawo min Baffanka, ni zan saya muku shayi."

Katin Netra yana cikin kabad ɗin ƙarfe a ɗakin Baffa. Na Kaka ma yana ciki, wai don kada ta yar. Makullin kuwa yana ɗaure a gefen zanin Inna Yamuna, matar Baffa, kuma ko wanka za ta shiga da shi take shiga.

In gwiwa ta gaji da ciwo, sai Baffa ya saka tabarau ya ɗauko kalandar taurari.

"Talata? Haba Kancha, wa ke fara abu ranar Talata?"

"To Laraba."

"Laraba wata na raguwa. Kana so ƙasar taka ta riƙa raguwa?"

In wata ya ƙaru, sai a ce wannan watan ba a ɗaura aure, ba a tarewa a sabon gida, balle mutum ya karɓi ƙasa sukutum. In watan ya wuce sai dashen shinkafa, in an gama dashe sai Inna Yamuna ta tafi ganin gida da makulli a ƙugu. Ranar da ta dawo kuma aka yi rashin sa'a, Baffa ya fito da sandarsa har ƙofar gida, sai wani ya yi atishawa a maƙwabta. Ya juya.

"Ka ji da kunnenka. Ni ban ƙi ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Na dafa, Baffa. Har ya kama ƙasan tukunya."

Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ita kaɗai ce a gidan ke kiransa Kayan Waje. "Zo nan, Kayan Waje, sosa min baya. Komai na waje ana rububinsa a garin nan, daga agogo har tukunyar lantarki, kai kaɗai ne aka rasa mai saye."

Lokacin Saugat yana yaron mota a jif ɗin Purna Dai, wato Yaya Purna, mai jigila tsakanin ƙauyen da garin Waling. Ya iya tuƙi tun da daɗewa. Kwanar da ke sa manyan direbobi kiran sunan uwarsu, shi da hannu ɗaya yake shanye ta. Purna Dai ya sayi jif na biyu, ya daki bayan Saugat ya ce, "Kawo lasin kafin bikin Dashain, motar nan taka ce." Lasin kuwa ba a ba da shi sai da katin ɗan ƙasa. Layin wayarsa ma da sunan uwarsa yake.

Wata rana da rana tsaka ciwon kai ya kama Purna Dai, ya koma gefe ya ba Saugat sitiyari. Ba su yi nisa ba ɗan sandan hanya ya ɗaga musu hannu.

"Lasin."

"Yana hanya, ranka ya daɗe."

"Katin ɗan ƙasa."

"Shi ma yana hanya."

"Wace hanya ce wannan, ba ta da kwalta? Kai ɗan ina ne?"

Fasinjoji suka fashe da dariya. Wata tsohuwa mai kaza a cinya ta ce, "Ɗan Malesiya ne, yallaɓai, jikan Basnet." Ɗan sandan ya dube shi sama da ƙasa ya ce to ya kawo fasfo na Malesiya. Aka sake dariya. Saugat ma ya yi, don bai san me zai yi da fuskarsa ba. Motar ta wuni a ofishin 'yan sanda, fasinjoji suka ƙarasa a ƙafa.

Da Dashain ya zo, sabon jif ya tafi hannun wani yaron da ko baya bai iya yi da mota ba, amma yana da kati. Ba a jima ba ƙungiyar masu motoci ta ce duk mai aiki a layin sai ya ajiye hoton katinsa. Purna Dai ya kira shi bayan tasha, yana ta sosa ƙeya.

"Ba korarka na yi ba, Kancha. Hutu ne. Ranar da Baffanka ya warke ka dawo."

Ya koma yankan ciyawa da tsinkar lemo. Abokansa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, wannan Koriya, wancan Katar, ana rataya musu furanni a tasha. Suna hawa mota suna tsokanarsa: "Kai ai ka riga mu, tun kana ciki ka ci waje!" Shi ko fasfo ba zai samu ba. Ƙasar da aka haife shi ba ta san da zamansa ba, wadda yake yi wa yankan ciyawa kuma ta ce ya kawo shaida. Ya daina zuwa tasha. Ya daina saka rigar mai maɓallai. Uwarsa ta lura ya fara magana da ɓauna fiye da mutane.

Sabitra ba mai magana ba ce, amma wata safiya a bakin famfo ta ajiye tulunta ta ce wa Inna Yamuna, "Yaya, yaron nan yana lalacewa. Sa hannu ne kawai."

Inna Yamuna ta ci gaba da cuɗa wanki. "Wa ya hana shi abinci? Wa ya hana shi wurin kwana? Ranar biki ba a manna masa jar shinkafa a goshi kamar kowa?"

"Ana yi."

"To me ya rage? Ke ba ki san takarda ba, ƙanwata. Yau sa hannu, gobe lauya, jibi a kawo igiya a raba gonar lemo biyu. Ni 'ya'ya mata gare ni, da me zan riƙe surukai? Kuma tsakani da gaskiya, mu muna nan, ku kuna can bayan teku. Wa ya riƙe muku fitila?"

Sabitra ta ɗauki tulunta bai cika ba. Saugat yana bayan katangar garke yana kwashe kashin ɓauna, duk ya ji. Da yamma ya sami Baffa ya ce shi ba ya son gona, ko lemo ɗaya ba ya so, zai faɗa a gaban kowa.

Baffa ya riƙe baki. "Gona? Wa ya yi zancen gona? Kancha, ka cuce ni. Ni da nake kallonka ina ganin Netra! Lokaci ne kawai bai yi ba."

Kaka ce ta gaji. Sanyi ya shigo, tarinta ya ƙaru, ƙafafunta sun kumbura ba ta iya taka tudu. Ta kira Saugat ta ce, "Kayan Waje, kwandon ciyawarka zai ɗauke ni?"

"Ke da ba ki kai damin ciyawa nauyi ba?"

"To gobe ka shimfiɗa bargo a ciki, ka goya ni zuwa ofishin nan. Ni na haifi ubanka, ba wanda ya riƙe min fitila, amma na san hancin gidanmu in na gan shi. Yamuna! Kawo min katina."

Inna Yamuna ta ce makullin ya maƙale, sai an kira maƙeri. Maƙeri ya tafi biki. Baffa ya ce tsohuwa mai tari a fito da ita cikin wannan raɓa, so ake a ce shi ya kashe uwarsa? A bari rana ta yi ƙarfi. Kaka ta zage shi tas, tun daga yarintarsa da yake fitsarin kwance har zuwa auren da ya yi, ya tsaya yana cewa, "To, Ama. Haka ne, Ama." Makulli dai bai fito ba.

Rana ba ta yi ƙarfi ba sai da Kaka ta kwanta. Ranar da za ta cika, da hantsi, aka fito da ita tsakar gida kusa da shukar tulsi mai tsarki kamar yadda ake yi. Saugat yana ɗiga mata ruwa a baki. Ta buɗe ido ta ce, "Kwandon fa?" Ya ce yana nan. Ta ce, "To." Ita ce maganarta ta ƙarshe.

Tun kafin a gama ɗaure makarar gora, Baffa ya ja shi gefe. Idanunsa jajur, kuma kukan gaskiya yake, uwarsa ce. Sai dai gwiwar ma ta zo jana'iza.

"Kancha, wuta ni zan sa, wannan dole ne. Amma zaman makokin nan na kwana goma sha uku, kwana a kan tattaka, wanka a rafi da sassafe, ci sau ɗaya ba gishiri, likita ya ce in na yi sai a haɗa ni da ita. Ga sukari, ga gwiwa. Fandit ya ce jika ɗan ɗa yana iya zama a madadin ubansa. Wasu haya suke ɗauka, amma mu muna da jininmu a gida, me zai kai mu ga bare?"

"Jininku, Baffa?"

"Jininmu mana! Ka ji yaro da wata tambaya."

"To mu biya ta ofis."

"Da gawa a tsakar gida? Gidan makoki ba ya shiga ofis. Ranar da aka tsarkake mu, washegari ni da kai, ko a bayanka ne."

Saugat ya zauna makokin, don Kaka, ba don Baffa ba. Aka aske shi ƙwal, aka ba shi farin ƙyalle marar ɗinki, aka kewaye masa lungu a baranda da tabarma. Mai zaman makoki ba a taɓa shi, shi ma ba ya taɓa kowa. Ko kaza ta goge shi sai ya sake wanka. Wanda ya taɓa shi kuwa ya ɗebo wa kansa ƙazantar mutuwa. Da kansa yake dafa 'yar shinkafarsa da man shanu, ya ci a ganye. Uwarsa takan tsaya daga nesa ta ajiye masa ayaba a ƙasa kamar mai ciyar da biri. Duk dangin Basnet na kusa, har waɗanda ke birnin Pokhara, sun bar gishiri da nama, suna jiran ranar da zai gama a sake su.

Masu gaisuwa suna ta zuwa, Baffa yana zaune a kujera da bargo a gwiwa yana nuna shi.

"Ɗan Netra ke nan. Kun ga goshin? Na mahaifinmu sak. Ba don shi ba da ban san yadda zan yi ba."

"Ubangiji ya raya shi," in ji su. "Gidan da ke da irin wannan ai bai mutu ba."

Ana gobe za a gama, da la'asar, wani surukin Baffa ya zauna kusa da shi suna shan shayi. Tabarma ce kawai tsakaninsu da Saugat, amma mutum in ya kwana biyu ba a taɓa shi, sai a fara mantawa yana da kunne.

"Baba, na ji an ce jibi za ku ofis da yaron."

"Jibi? Da farin kaya? Ai shekara guda zan yi cikin fari saboda Ama. Mai farin kaya ba ya zuwa biki, ba ya shiga haikali, ba ya sa hannu a abin alheri. In shekara ta cika sai a duba kalanda."

Surukin ya ce, "Gaskiya ne. Al'ada ai ba a wasa da ita."

Washegari gidan ya cika tun da safe. An kafa manyan tukwane a bayan gida, ƙamshin miyar wake da soyayyen dankali da yaji ya tashi, mutanen da suka kwana biyu ba su ɗanɗana gishiri ba suna ta haɗiyar yawu. An jera kayan da za a ba Fandit, gado da katifa da laima da 'yar maraƙa. Shugaban mazaɓa ma ya zo, an ba shi kujera mai hannu. Abin da ya rage kaɗan ne: Saugat ya dawo daga rafi, ya miƙa sadakar ƙarshe, Fandit ya yayyafa masa ruwan tsarki, ya taɓa gishiri da mai. Daga nan ran Kaka ya kama hanyarsa, gida ya tsarkaka, a zuba abinci. Kafin haka ba mai kai loma baki.

Saugat ya fito daga rafi yana rawar sanyi. Inda hanya ta rabu, ta sama ta nufi gida, ta ƙasa ta nufi titi, ya ɗan tsaya. Sai ya bi ta ƙasa.

Haka ya ratsa kasuwa, ba takalmi, ba riga, kai na ƙyalli. Mutane suka riƙa darewa suna janye yaransu. Ya shiga farfajiyar ofishin mazaɓa, masu jira a benci suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ya zauna a tsakiyar bencin shi kaɗai.

Sakatare ya leƙo ta taga. "Ƙanina, lafiya? Ba yau ne ranar gamawarku ba?"

"Yau ne. Shayin da ka yi alkawari na zo sha. Baffa yana tafe."

Yana tafe kuwa, da rabin masu makoki a bayansa. Suka yi cirko-cirko a bakin farfajiya, ba wanda ya matso. Surukan Baffa uku, ƙarti, kowannensu zai iya saɓa Saugat a kafaɗa, amma wa zai taɓa shi?

"Kancha!" Baffa ya ce, yana haki. "Wane irin abin kunya ne wannan? Tashi mu je, Fandit na jira, lokacin na wucewa."

"Katin ɗan ƙasa ƙafa gare shi, Baffa? Lokaci ma ya jira."

"Ka bar kakarka a rataye tsakanin sama da ƙasa!"

Wannan ta soke shi. Ya sunkuyar da kai, ya ga ƙafafunsa sun yi fari da sanyi. Sai ya ɗago ya dubi Baffa.

"Ita ta ce in kawo ta nan. Na kawo ta."

Inna Yamuna ta kutso. "Ku kama shi mana! Ku maza ne ko me?"

Babban surukin ya ce, "Inna, ni gobe zan koma aiki." Na biyun ya ce shi matarsa na da ciki. Na ukun ya duba wayarsa.

Fandit ya iso daga baya yana tattare zaninsa. Baffa ya tare shi: ba za a iya sa wani ya ƙarasa ba? Tsohon ya girgiza kai. Wanda ya fara shi ke gamawa. In kuwa za a sake, to daga farko, kuma wannan karon ɗan cikinta ne zai zauna.

Baffa ya dafa gwiwarsa. Wata gwaggo daga Pokhara, mai hawan jini da ta sha magani ba ta karya ba, ta ce da ƙarfi, "Rudra, ni fa ba zan ƙara kwana ɗaya ba gishiri ba saboda lemonka."

Saugat ya juya wajen Fandit. "Baba Fandit, duk shekara in na zauna gabanka, ɗan wa kake cewa in ce ni ne?"

"Ɗan Netra, jikan Harka, na zuriyar gidan Basnet."

"Matattu sun yarda?"

"Ba su taɓa dawo da shinkafar ba," in ji Fandit.

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su so ba. Shugaban mazaɓa, wanda cikinsa ke ƙugi tun ɗazu, ya gyara hula ya ce, "Rudra Dai, kwanakin nan duk wanda ya zo gaisuwa ka ce masa ɗan Netra ne. Ni kaina sau biyu ka gaya min. Faɗa wa sakatare sau ɗaya mu je mu ci abinci."

"Ina cikin farin kaya..."

"Biro ba ya duba kaya."

Baffa ya dubi matarsa. Inna Yamuna ta kwance makulli daga gefen zani ta jefa wa 'yarta, ko maƙeri ba a nema ba. Kafin a jima katin Netra da na Baffa suka iso. Baffa ya shiga ofis, ya faɗa, ya sa hannu, ya dangwala. Da ya fito yana goge yatsa sai ya ce wa jama'a, "Dama gobe na yi niyya. Yaran yanzu ne ba haƙuri."

Sakatare ya ajiye takarda a ƙasa, ya tura wa Saugat tawada da tsinken rula, ya dangwala. Ya ɗauke shi hoto daga nesa, da kai ƙwal da farin ƙyalle, ya ce haka zai fito a katin har tsufansa. Shugaba ya ce gobe da motarsa zai kai su hedikwatar lardi inda ake bayar da katin, shi da Baffa, kuma shi ba ya duba kalanda.

Jama'a suka juya suka kama tudu, yunwa na kora su. Ba duka ke dariya ba. Saugat ya ji wata tsohuwa tana cewa, "Ya yi ciniki da gawar kakarsa. Abin da aka haifa a waje ai sai a hankali." Uwarsa tana tsaye a bakin ƙofa ta rufe baki da gefen mayafi, bai gane ko kuka take ko me ba. Ba ta da ikon dafa shi.

Ya miƙe zai bi su, sai ya lura da wasu mata biyu a jikin katanga, cikin waɗanda suka tashi daga benci da ya shigo. Uwa ce da 'yarta, daga wani ƙauye can ƙetaren rafi. Yarinyar za ta yi sa'arsa, tana rungume da jakar leda mai takardu da ta yi laushi don yawan ɗauka.

"Dai," in ji yarinyar, "don girman iyayenka, yaya ka yi? Ni a Kuwait aka haife ni. Na ci jarrabawar koyon jinya, sun ce in kawo kati. Baffannina sun ce ba su san ni ba."

Saugat ya dubi farin ƙyallen jikinsa.

Uwar ta taɓa hannun 'yarta. "Rojina, bar shi. Ba ki gani ba? Mutuwa aka yi musu."

"Mu ma ai an yi mana, Ama. Bara kakana ya rasu."

"An yi. Wa ya aiko a kira ki?"

Yarinyar ta ƙara rungume jakarta. Ba a aske mace, ba a miƙa mata wuta, ba gidan da zai kwana da yunwa don ta ƙi tashi daga benci. Abin da ya fitar da Saugat ba gaskiyarsa ba ce, gaskiyar tana nan shekara uku ba wanda ya duba ta. An buƙace shi ne kawai, na kwana goma sha uku. Ita kuwa tana da gaskiya irin tasa, har da sakamakon jarrabawa a kai, amma ba ranar da za a buƙace ta.

Daga kan tudu aka ƙwala masa kira, Fandit na jira, abinci na hucewa. Rojina ta matsa jikin katanga ta ba shi hanya don kada ƙyallensa ya goge ta. Da ya wuce, ta koma ta zauna a bencin, ta ɗora jakar a cinya, ta fuskanci tagar sakatare.